Yadda 'Yar Wasan Rawa da Waƙa Za Ta Ci Gaba da Sana'arta Idan Shekaru Suka Ja

A masana'antar Kannywood ba a aika wa jaruma takardar sallama. Abin da ke faruwa shi ne kiran waya yana raguwa sannu a hankali, har wata rana furodusan da ya saba neman ta domin ta hau waƙa da jarumi ya kira ya ce akwai rol ɗin yayar amarya, ko na uwar yaron da a bara ta fito a matsayin budurwarsa. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da rawa da waƙa suka zama ginshiƙin fim ɗin Hausa, kasuwa take gina labari a kan saurayi da budurwa, don haka matsayin jaruma ba ya daɗewa a hannun mace ɗaya. Ga kuma al'adar masana'antar ta cewa mace takan ajiye fim idan ta yi aure, wadda ta sa da yawa suke dawowa bayan shekaru su tarar an yi sababbin fuskoki. Wadda take son ta ci gaba da cin abinci da wannan sana'a tana bukatar ta shirya sauyin da kanta, tun tana da sauran farin jini, domin a lokacin ne take da bakin yin ciniki.

Mataki na farko shi ne karɓar rol ɗin manya da zuciya ɗaya, a kuma mayar da shi fanni na ƙwarewa. Wasu suna ɗaukar fitowa a uwa a matsayin faɗuwar daraja, sai su yi ta jan ƙafa har kiran ya tsaya gaba ɗaya, kuma a ganina wannan lissafi ne maras riba. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ba da rawa ta yi suna ba. Da rol ɗin masifaffiyar mace ta kafa kanta, ta riƙe shi fiye da shekara 20, har zuwa rasuwarta a watan Afrilun 2024. Hajara Usman da Hadiza Muhammad, wato Hadizan Saima, su ma sun daɗe ana neman su saboda kowacce tana da irin uwar da ta iya fitarwa. Abin koyi a nan shi ne zaɓen launi. Uwa kala-kala ce: akwai mai haƙuri da ke haɗiye magana, akwai surukar da ke mulkin gida daga kan dadduma, akwai uwargidan da aka yi wa kishiya da tsufa, akwai hajiya 'yar kasuwa, akwai malamar Islamiyya, alƙaliya, likita da 'yar siyasa. 'Yar wasa ta zauna ta duba muryarta da jikinta da yanayin fuskarta, ta fitar da biyu ko uku da suka fi dacewa da ita, sannan ta je ta lura da masu irin wannan hali a gidan biki da asibiti da kasuwa. Yadda dattijuwa take gyara mayafi kafin ta yanke hukunci, ko yadda take ɗan jinkirtawa kafin ta amsa gaisuwar wanda take fushi da shi, su ne ke raba wasan da za a tuna da wanda za a manta. Wadda ta fito daga rawa tana da fifiko a nan, domin ta riga ta san sarrafa jiki da kiyaye lokaci a gaban kyamara.

Zamani ma ya taimaka. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, sannan finafinai masu dogon zango suka mamaye YouTube, labari ya koma kan iyali da unguwa gaba ɗaya. A fim na awa biyu uwa takan fito sau uku ta yi nasiha ta ɓace, amma a shiri mai zango-zango tana iya shekaru tana da nata labarin. Saboda haka neman gurbi na dindindin a shiri guda mai tsawo ya fi yawon lokeshan goma da fitowa ɗai-ɗai.

Sai dai samun rol ba shi ne samun kuɗi ba, kuma nan ne ya kamata a fi tsayawa. A 2022 Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce naira dubu biyu zuwa dubu biyar ba, maganar da wasu manyan masana'antar suka musanta, aka yi ta muhawara a kanta. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, muhawarar ta tona yadda ake biyan iyayen fim: yawanci da baki ake magana, a kan fitowa ko a kan yini, sai an tashi daga aiki a ba da sallama. Kafin 'yar wasa ta amsa kira, ta tambayi yawan fitowar da za ta yi, da kwanakin da za a ɗauka, da wanda zai biya kuɗin mota da abinci da masauki, da kuma ko ita za ta zo da suturarta. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin hajiyar da aka rubuta a matsayin matar attajiri tana bukatar leshi da mayafai da sarƙoƙi, kuma idan shiri ne mai tsawo dole a adana kowace shiga yadda take saboda ranar da za a ci gaba da ɗaukar wannan fitowar. Idan daga akwatinta kayan za su fito, to a saka su cikin farashi. A nemi a rubuta yarjejeniya, ko da saƙon WhatsApp ne da ya ƙunshi adadi da ranar biya, a kuma karɓi wani kaso kafin a fara aiki. Kunya ta hana mata da yawa yin wannan tambaya, musamman idan furodusan yana kiran su Mama, amma girmamawar baki ba ta biyan kuɗin haya. Rijista da ƙungiyar masu sana'ar fim ta Najeriya, wato MOPPAN, da kuma Hukumar Tace Finafinai ga mai aiki a Kano, tana ba mutum wurin kai ƙara idan an saɓa alkawari.

Hanya ta biyu ita ce murya, wadda ba ta tsufa da saurin fuska. A nan akwai bambanci tsakanin Kannywood da dandalin wasan kwaikwayo na Broadway a birnin New York ko West End na Landan. A can 'yar wasa da bakinta take rera waƙa, sau takwas a mako, don haka idan shekaru suka ja muryarta ta yi kauri, sai a sauke mata waƙar zuwa inda za ta iya kaiwa, ta koma rol ɗin da ya fi bukatar nauyin magana. Marigayiya Angela Lansbury, 'yar wasa haifaffiyar Birtaniya, misali ce da ta cancanci nazari: ta ci Tony, babbar lambar yabon Broadway, a 1966 da wasan waƙa, ta fara shirin talabijin na Murder, She Wrote a 1984 tana da shekara 58, ta yi shekara 12 tana jan sa har ta zama cikin masu shirya shi, ta ɗora murya a fim ɗin zane na Disney a 1991, sannan ta sake cin Tony a 2009 tana da shekara 83. A Kannywood kuwa jaruma bin waƙa take yi da baki, muryar ta mawaƙan situdiyo ce irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba, shi ya sa jarumai da yawa ba su taɓa gwada abin da muryarsu za ta iya ba. Akwai aiki a wasan kwaikwayo na rediyo, da fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa irin wadda Algaita ta yi suna a kai, da karanta littattafan Hausa a YouTube, da tallace-tallace da saƙonnin wayar da kai kan lafiya, inda ake son muryar uwa da jama'a za su amince da ita. Shirin shiga wannan fanni ba shi da tsada. A samu ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka, a jira janareton maƙwabta ya yi shiru, a ɗauki minti biyu da waya: guntun labari, guntun talla, da muryoyin mata biyu suna sa-in-sa. Wannan shi za a tura wa gidajen rediyo da situdiyo. Wadda ta iya waƙa da gaske kuma tana da kasuwar biki da taron mata, wadda ba ta tambayar shekaru.

Hanya ta uku, kuma wadda ta fi ɗorewa, ita ce komawa bayan kyamara. Rahama Sadau ta kafa kamfaninta ta shirya fim tun 2017, Mansurah Isah ta dawo masana'antar a matsayin furodusa bayan ta daɗe da barin fitowa, Hadiza Gabon kuma ta buɗe shirin hira da take gabatarwa da kanta. Balaraba Ramat Yakubu daga rubutun littafi ta shigo shirya fim. Amfanin wannan hanya shi ne mallaka: mai fitowa sau ɗaya ake biyan ta, mai tashar YouTube kuwa tana samu muddin ana kallo. Amma kada a sayar da fili ko gwal a zuba a fim na farko. A fara da gajeren shiri mai 'yan wasa huɗu a gida ɗaya, ko a shiga haɗin gwiwa da wanda ya san kasuwa, a tabbatar sunan wa ke kan tashar da asusun da kuɗin ke shiga, domin a nan ne yawancin rigimar abokan hulɗa take tashi. Wadda ba ta da jari tana iya kama rubutun labari, ko kula da sutura da kwalliya, ko tsara rawa, ko horar da sababbin 'yan wasa. Rubutu ya fi muhimmanci, saboda ƙarancin rol mai nauyi ga mata manya daga teburin marubuci yake farawa, kuma macen da ta yi aure ta yi goyo ta zauna da dangin miji ta fi saurayi ɗan shekara 25 sanin abin da suruka take faɗa idan an rufe ƙofa. Mai son takardar shaida tana iya neman kwas a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ko sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko na Jami'ar Bayero.

Game da tallar kaya a Instagram da TikTok, tana kawo kuɗi, amma a zaɓi abin da za a ɗora wa suna. Mai fitowa a uwar kirki da ta tallata maganin da ba shi da rijistar NAFDAC ta zubar da amanar da ake ɗaukar ta aiki saboda ita.

Saura lafiyar jiki, wadda ita ce jarin duk waɗannan hanyoyi. Aikin lokeshan zama ne na awanni a rana da ƙura, sau da yawa har tsakar dare, kuma gwiwa da baya da hawan jini ba sa ɗaukar abin da suke ɗauka a da. Ya halatta babbar 'yar wasa ta nemi a tara fitowarta a yini ɗaya ko biyu, a kuma fara da ita da safe, maimakon ta wuni tana jiran a gama da jarumi. A faɗi wannan sharaɗi tun a kiran farko, tare da maganar kuɗi, domin mai tsara jadawali ya saka shi kafin a fita aiki.