Yadda za ka shirya wa mahaukaciyar guguwar da ke ƙara ƙarfi farat ɗaya dab da isowarta gaɓa

Da safiyar 24 ga Oktoban 2023, mazauna birnin Akapulko na ƙasar Meziko sun tashi da labarin cewa wata guguwa mai suna Otis tana tafe daga tekun Fasifik, amma ƙarfinta bai kai na tayar da hankali ba. Kafin tsakar dare ta haye mataki na 5, wanda shi ne ƙololuwa a ma'aunin ƙarfin guguwa, kuma ta auka wa birnin cikin duhu, ta hallaka mutum fiye da 50, ta yi kaca-kaca da gidaje da otal-otal. Duk wanda ya jira sai ta ƙasaita kafin ya fara shiri, bai samu ko da yini guda ba. Wannan bayani na waɗanda ke zaune a irin waɗannan gaɓoɓi ne, har da 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata a jihohin Tekzas da Luwiziyana da Fulorida na Amurka, inda kakar guguwa ke farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba.

Da farko ka san abin da masana ke nufi da ƙaruwar ƙarfi ta gaggawa. Ana faɗin haka ne idan gudun iskar guguwa ya ƙaru da aƙalla mil 35 a sa'a, wato kusan kilomita 55, cikin sa'o'i 24. Hakan yakan faru idan guguwa ta hau kan ruwa mai ɗumin da ya wuce digiri 26 a ma'aunin Salshiyos, musamman idan ɗumin ya yi zurfi ta yadda duk motsa tekun da guguwar za ta yi ba za ta tono ruwan sanyi daga ƙasa ba, sannan iskar da ke kewaye da ita tana da danshi, kuma babu wata iska a sararin sama da ke karkatar da kanta. Da yawa daga guguwoyin tekun Atilantika suna somawa ne a matsayin hadarin da ke ratsa yankin Sahel da damina ya nufi yamma, sai ɗumin teku ya raine su a hanya. Masu hasashe sun fi ƙwarewa wajen gano inda guguwa za ta bi fiye da gano ƙarfin da za ta yi, kuma wannan giɓin shi ne tushen duk shawarar da ke tafe.

Ka dogara da sanarwar Cibiyar Kula da Mahaukaciyar Guguwa ta Amurka da ke Mayami, ko hukumar yanayi ta ƙasar da kake, maimakon hotunan da ake yaɗawa a WhatsApp. Cibiyar tana fitar da cikakkiyar sanarwa kowane sa'o'i 6, da ƙarin bayani kowane sa'o'i 3 idan guguwa ta kusanto ƙasa. Ka riƙa kwatanta sabuwar sanarwa da wadda ta gabace ta. Idan gudun iska yana hawa, nauyin iskar tsakiyar guguwar yana faɗuwa da sauri, kuma hoton tauraron ɗan'adam ya nuna idonta, wato tsakiyarta inda iska ke lafawa, ya fito fes a zagaye, to ta kama hanyar ƙasaita. Ka kula kuma da zanen nan mai kama da mazurari da ake nunawa a taswira, domin yana nuna inda tsakiyar guguwar za ta iya bi ne kawai, alhali iska da ruwanta suna kaiwa nesa ƙwarai da gefensa.

Ka yi shirinka kamar guguwar za ta zo da ƙarfin mataki guda sama da abin da aka yi hasashe. A ganina wannan ita ce shawara mafi nauyi, kuma ita ce mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana ba da sanarwar zama cikin shiri sa'o'i 48 kafin isowar iska mai ƙarfi, ana ba da gargaɗi sa'o'i 36 kafin nan, kuma lokacin da ya kamata ka yi lissafi da shi shi ne na isowar wannan iska ta farko, domin daga nan hawa tsani ko tuƙa mota kan dogayen gadoji ya zama ganganci. Tun a sanarwar farko ka cika tankin mota, ka cire kuɗi a hannu, ka sayi magungunan da wani a gidan ke sha kullum, ka sa fasfo da takardun zama da na inshora cikin jakar leda mai rufi. Ka tanadi ruwan sha kusan lita 4 ga kowane mutum a kowace rana, na kwanaki da yawa, da abincin da ba ya bukatar girki, da tocila, da rediyo mai batir. Ka rufe tagogi da katako, ka shigar da kujeru da tukwanen fure da kwandon shara ciki. Manna salatef a gilashi ɓata lokaci ne, ba ya hana shi fashewa.

Batun barin gida ya fi komai wuya, kuma ruwa ne ya kamata ya yanke maka hukunci. Yawancin waɗanda guguwa ke kashewa kai tsaye a Amurka ruwa ne ke cin su, ko dai tumbatsar teku da iska ke turowa kan tudu, ko ambaliyar ruwan sama. Don haka ka nemi sanin yankin kwashe jama'a da gidanka ya faɗa tun kafin kakar guguwa ta kama. Idan kana bakin teku, ko a wuri mai kwari, ko a gidan tafi-da-gidanka, ka fita da zarar hukuma ta ce a fita, ko ma kafin nan idan akwai tsoho ko jinjiri ko mara lafiya a gidan. A watan Agustan 2021 guguwar Ida ta ƙaru da saurin da magajiyar garin Niyu Olins ta ce babu isasshen lokacin da za a tilasta kwashe dukan birnin, kuma ta sauka a Luwiziyana ranar 29 ga watan tana mataki na 4. Ba dole ne ka yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci ba. Gidan aboki mai ƙwari a kan tudu, ko matsugunin da hukuma ta buɗe, ya fi maka alheri a kan cunkoson babbar hanya irin wanda aka gani a birnin Hustan na jihar Tekzas a 2005 lokacin guguwar Rita, inda mutane da dama suka mutu a hanyar gudu saboda zafi da haɗurra.

Idan lokaci ya ƙure maka kana gida, ka tara iyalinka a ɗakin tsakiya mara taga a bene na ƙasa, matuƙar ruwa bai shigo ba. Idan ya shigo ku hau sama, amma kada ku shige ƙarƙashin rufin da ba shi da mafita. Idan iska ta ɗauke ɗif kada kowa ya leƙa waje, domin mai yiwuwa idon guguwar ne ke wucewa, kuma cikin mintuna za ta dawo daga ɗaya ɓangaren da cikakken ƙarfinta.

Bayan ta wuce, kada ka taka ko ka tuƙa mota cikin ruwan da ya rufe hanya, domin ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba yana iya tafiya da ƙaramar mota, kuma ana iya samun wayar lantarki a cikinsa. Ka ajiye janareta a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, kada ka kunna shi a gareji ko da ƙofar a buɗe take, saboda iskar gubar da yake fitarwa ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta kashe mutane da dama a Luwiziyana bayan guguwar Laura a 2020 da kuma bayan Ida.