Yadda Ake Gano Maƙerin Wuƙa da Auna Ingancin Ruwanta

Wuƙar da maƙeri ya ƙera da hannunsa ba ta zuwa da kwali mai bayani irin na masana'anta, saboda haka duk wanda ta shigo hannunsa, ko ta gado ko ta saye, sai ya bincike ta da kansa. Wurin da ake fara dubawa shi ne gindin ruwan wuƙar, wato ɗan filin da ba a wasa ba wanda yake dab da ƙota, domin a nan yawancin maƙera suke sa tambarinsu. Idan tsatsa ta rufe wurin, a goge shi da ɗan mai da tsumma, kada a kai masa magagari, don kankarewa ɗaya tana iya tafiya da sunan gaba ɗaya.

Idan an ga haruffan JS ko MS kusa da sunan, wato Journeyman Smith (ƙwararren maƙeri) ko Master Smith (gwanin maƙera), alama ce cewa maƙerin ya ci jarrabawar ƙungiyar maƙeran wuƙa ta American Bladesmith Society, wadda aka kafa a Amurka a 1976. Jarrabawar ba wasa ba ce, domin sai wuƙar da maƙerin ya kawo don gwaji ta tsinke igiya mai kaurin inci ɗaya da ke rataye da sara guda, ta sare katako, ta aske gashin hannu bayan haka, sannan a lanƙwasa ta digiri 90 ba ta karye ba. Ƙungiyar tana da jerin sunayen waɗanda ta ba wannan matsayi, don haka tantancewa ba ta da wuya. Wuƙaƙen Japan kuwa suna da nasu ruɗani, musamman na birnin Sakai, inda mai ƙira daban ne, mai wasawa daban, kuma sau da yawa sunan da ke jikin wuƙar na shagon da ya sayar ne. Inda babu tambari sam, kamar yawancin aikin maƙeranmu na gida, siffar ƙota da ɗinkin kube su ne suke nuna yanki, kuma tsohon maƙeri ko baduku ya fi kowa gane su.

Suna dai ana iya kwaikwayonsa, shi ya sa a ganina auna ruwan ya fi muhimmanci. A ɗaga wuƙar a hango ta daga ƙota zuwa tsini, a tabbatar bayanta a miƙe yake, kuma wasawar gefe biyu ta yi daidai. A duba mahaɗar ƙota da ƙarfe, domin giɓin da haske ke ratsawa shaida ce ta gaggawa, kuma nan ruwa zai shige ya haifar da tsatsa.

Abin da ido ba ya gani shi ne taurin ƙarfen, wanda ya dogara da yadda aka gasa shi, aka tsoma a mai, aka sake ɗumama shi. Wuƙa mai kyau takan faɗa tsakanin 57 da 62 a ma'aunin Rockwell, wato ma'aunin taurin ƙarfe. Wanda ba shi da na'urar awo, in mai wuƙar ya yarda, sai ya danna kaifin a kan sandar farin ƙarfe ko tagulla a hankali. Idan bakin ya ɗan lanƙwashe ya koma daidai, aikin ya yi. Idan ya zauna a lanƙwashe, ƙarfen ya yi laushi. Idan ya ɓalgace, ya yi tauri fiye da kima. Ko sifirin mota, wanda galibi ƙarfe ne irin wanda ake kira 5160, yana ba da wuƙa ta gari in an iya wannan mataki.

A yi hattara da wuƙa mai zanen Damaskas, wato zane mai kama da igiyar ruwa a jikin ƙarfen, wanda maƙeri Bill Moran ya farfaɗo da shi a Amurka a 1973. Na gaskiya daga ninke ƙarafa daban-daban yake fitowa, saboda haka zanen yakan ratsa har bayan wuƙar idan ba a goge wurin ba, alhali na jabu a fuska kawai aka zana shi, kuma yakan shafe da an goga takardar yashi.