Kurakuran da aka fi yi wajen sabunta tsohon Word, da yadda ake gyara su

A shagunan buga takardu na Damagaram, musamman na kewayen Kasuwar Dole, har yanzu ana samun kwamfutocin da ke aiki da Word 2003 ko 2007. Kamfanin Microsoft ya daina kula da na farkon tun Afrilun 2014, na biyun kuma a Oktoban 2017, saboda haka sabuntawa ta zama dole. Sai dai yawancin asarar da nake gani a wannan aiki gaggawa ce ke jawo ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne goge tsohuwar manhaja kafin a tabbatar cewa kwamfutar za ta iya ɗaukar sabuwa. Daga Office 2019 zuwa sama (Office shi ne tarin manhajojin da Word yake ciki), sai da Windows 10 ko wadda ta fi ta, kuma Office 2021 yana neman ƙwaƙwalwar aiki ta giga 4. Mai tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 da ya fara da gogewa zai wayi gari ba tsuntsu ba tarko, ga masu jiran takardunsu a bakin shago. A fara kwafe dukkan takardu a kile (wato ƙaramin ma'ajin USB) biyu daban, a duba ƙarfin na'urar, sannan a zaɓi lokacin da wuta ta zauna, domin ɗaukewarta a tsakiyar sakawa tana iya lalata aikin. A kuma sani cewa Office 2016 da 2019 su ma an daina kula da su a Oktoban 2025. Wanda na'urarsa ko aljihunsa ba su kai ba, manhajar LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe tsofaffin takardu, ta fi masa kwafin sata da ake yawo da shi a kile, wanda sau da yawa yake zuwa da ƙwayar cuta.

Sai matsalar gocewar shafuka. Na taɓa ganin ɗalibin da ya kawo kundin kammala karatunsa kwana biyu kafin ranar miƙawa, aka buɗe shi a sabon Word, aka danna "Convertir", wato maɓallin juya takarda zuwa sabon tsari, nan take, sai kawunan babi suka sauko tsakiyar shafi, lambobin da ke jerin abubuwan ciki suka daina dacewa da komai. Tsohon Word yana ajiye takarda a tsarin .doc, na 2007 zuwa yau kuma a .docx, kuma juyawar tana iya taɓa shimfiɗar rubutu. Rubutun "Mode de compatibilité" da ke bayyana a saman allo ba alamar lalacewa ba ce. Idan bugawa kawai za a yi, a bar takardar yadda take. Idan juyawa ta zama tilas, a yi ta a kan kwafi, a bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, sannan a fitar da PDF don bugawa. Sababbin takardu ma suna buƙatar gyara, domin Word 2003 yana farawa da Times New Roman 12, na 2007 kuma da Calibri 11 tare da ƙarin tazara tsakanin layuka. A mayar da su yadda ake so, a danna "Définir par défaut" sau ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A da, masu buga Hausa da yawa suna amfani da wasu salon haruffa na musamman waɗanda aka cusa waɗannan haruffa a gurbin wasu alamomi. Idan aka kai takardar kwamfutar da ba ta da wannan salon, sai "ƙasa" ta fito da wata baƙuwar alama a farkonta, mai shago kuma ya ɗauka rubutun ya lalace, ya goge ko ya sake bugawa daga farko. Rubutun yana nan lafiya. A kwafo tsohon salon daga tsohuwar na'urar kafin a taɓa ta, a gano alamar da ke wakiltar kowane harafi, sannan a yi amfani da "Remplacer" a musanya su da haruffan gaskiya na Unicode, wato tsarin haruffa na bai ɗaya da kwamfutoci suke amfani da shi, ƙanana daban, manya daban. Times New Roman da Arial na Windows na yanzu duk suna ɗauke da su. Aikin bai wuce na rabin awa ba, kuma littattafan yaƙi da jahilci da wasiƙun da aka buga shekaru da dama sun cancanci wannan ɗawainiya.

A lura da harshen manhajar ma. Wanda hannunsa ya saba da Ctrl+G don kaurara rubutu a Word na Faransanci zai tarar da Ctrl+B a na Ingilishi, kuma na Amurka yakan zo da girman takarda "Letter", alhali A4 muke bugawa a nan. Idan kuma za a aika takarda ofishin da bai sabunta ba tukuna, a shiga "Enregistrer sous" a zaɓi "Document Word 97-2003", a kuma kira wanda aka aika wa a tabbatar ta buɗe a wurinsa.