Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa yara rubuta dayari da bakin ɗan wasan cikin labari

A azuzuwan firamare da na lura da su a cikin garin Sakkwato, malamai da yawa sukan karanta wa yara tatsuniya, sannan su umarce su da su rubuta dayari, wato bayanin abin da ya faru da mutum a rana guda, kamar su ne Gizo ko Ƙoƙi. Aikin yana da amfani ƙwarai, amma akwai wuraren da ake yawan tuntuɓe.

Kuskure mafi girma shi ne yaro ya sake ba da labarin gaba ɗaya maimakon ya shiga rigar ɗan wasan cikin labarin. Ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki, inda kowane hankaka ya ara masa gashi guda don ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, ya yi musu zari, suka ƙwace gashinsu suka bar shi a kan itace. Na taɓa duba littafin wata yarinya ’yar aji biyar da ta fara da “Ga ta nan ga ta nanku”, ta rufe da “Ƙurunƙus”, ba tare da Gizo ya ce “ni” ko sau ɗaya ba. Gyaran wannan yana farawa da baki kafin alƙalami: a zaunar da yaro a gaban aji, a ce yau shi ne Gizo, ’yan’uwansa su yi ta tambayarsa yadda ya kwana da abin da ya ji sa’ad da hankaki suka tashi. Bakinsa zai saba da “na ga” da “na ji tsoro”, hannunsa kuma ya bi.

Na biyu ya fi wuyar ganewa, kuma shi ne ya fi damuna. Yaro ya san ƙarshen labari, saboda haka sai ya sa Gizo ya rubuta, tun daren da aka ara masa gashi, cewa gobe za a yashe shi. Ai Gizon wannan dare murna kawai yake yi, yana lissafin ɓauren da zai kawo gida. Ya kamata malami ya dakatar da karatu a tsakiyar labari, ya sa a rubuta dayarin ranar kafin a ji sauran.

Haka kuma yara kan lissafa aukuwa kawai, su manta da yunwa da kunya da sanyin asuba a bakin ruwa, ko kuma su liƙa wa’azi a ƙarshe domin su faranta wa malami. Gizo ba ya yi wa kansa wa’azi. Hujja yake nema ya ɗora wa hankaki laifi.

Akwai kuma kuskuren da ke wuyanmu mu malamai. Idan yaro ya rubuta “shina kuka” ko “wanga ɓaure”, sai mu hau shi da jan biro alhali Sakkwatancin da ya tashi da shi ne ya ba rubutun rai. A karon farko a duba ko muryar ta fito. A karo na biyu ne za a zauna da shi a nuna masa “yana” da “wannan” na daidaitacciyar Hausa da jarrabawa ke bukata, tare da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ da ya tsallake.