Idan Windows ta hana ka ajiye fayil a C:

Ana yawan tambayar wannan. Da gangan Windows ta kulle gindin C: (babbar ma'ajiyar kwamfuta), wato ba ka ajiye fayil kai tsaye a nan, amma ta bar ka ka buɗe sabuwar folda.

1. Shiga C:, buɗe sabuwar folda, misali C:\Aiki.
2. Gwada ajiye fayil a ciki. Galibi nan ta ƙare.
3. In ta ƙi, danna foldar da maɓallin dama na mouse, zaɓi Properties.
4. Shiga Security, danna Edit.

Hattara: duba sunan da ke sama. Ka tabbata foldar ce, ba C: kanta ba. Canjin izinin C: yana bin dubban fayiloli, mayar da shi kuwa aiki ne ja.

5. Danna Add, rubuta sunan asusunka na Windows, danna OK.
6. Zaɓi Modify ƙarƙashin Allow. Kada ka taɓa Deny, yana rinjayar Allow.
7. Danna Apply.