Yadda za ka canza shokazoba da sifirin na gaba a tsohuwar Mazda MX-5

Irin ta 1990 ɗin nan, shokazoba da sifirin a haɗe suke, tare za ka ciro su. Sassauta notocin taya tun mota na ƙasa, ka ɗaga ta da jak ka sa matokari mai ƙarfi, don Allah kar ka yarda da jak kaɗai. Kwance sitabilaiza (sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama) da notin ƙasan shokazoba, sannan notoci 2 na sama cikin bonet. Notin tsakiya na saman shokazoba kam kar ka taɓa sai ka matse sifirin da abin matsewa, in ya kuɓce wallahi sai asibiti. Canza hagu da dama tare. Notin ƙasa sai nauyin mota ya zauna kan tayoyi za ka ɗaure tamau, in ba haka ba robar da ke wurin notin ta yage da wuri. Daga nan ka kai ta alaimen.