Sana'ar ƙalƙale mota: yadda za ka lissafa abin da zai rage maka a wata

Masu tambaya nawa ake samu a harkar ƙalƙale mota sun yi yawa yanzu, musamman tunda bidiyoyin nan suka cika TikTok, ka ga an shigo da Camry kaca-kaca an fitar da ita tana sheƙi kamar yau aka sauke ta daga Kwatano. Toh ana samu kam, amma abin da ake nuna maka a bidiyo kuɗin da kwastoma ya biya ne, ba wanda mai wurin ya tafi da shi gida ba, kuma tsakanin biyun akwai tafiya.

Da farko ka raba aikin gida biyu a ranka. Akwai wankin yau da kullum, a fesa ruwa a sa sabulu a goge a kaɗe kafet, minti 30 zuwa 40 mai mota ya ja abarsa. Sai cikakken aiki, wato ƙalƙalen kenan, wanda ake wanke kujeru da injin zuƙa, a bi rufin ciki da dashbod da ramukan esi da burushi, a wanke but, a goge fitilun da suka yi hazo, a yi wa fenti folish da inji. Wannan mota ɗaya sai ta cinye wa mutum biyu rabin yini, in ta iyali ce irin Sienna da yara suka zubar da yogot a ƙarƙashin kujera tun bara, sai yini guda cur. Shi ya sa duk wanda ya ce maka zai riƙa yin irin wannan aikin guda goma a rana da yara biyu, bai taɓa riƙe burushi ba.

Yanzu ɗauko takarda da biro mu yi lissafi. Lambobin nan na misali ne don ka ga yadda ake jera abin, kai sai ka zaga wurare uku ko huɗu a unguwarku ka ji farashinsu ka sa naka, don kuɗin da za a biya a Maitama ko Gwarinpa daban, na Hotoro ko titin Zoo Road a Kano daban, na Kawo a Kaduna ma daban.

A ce kana buɗewa kwana 26 a wata. Wankin yau da kullum mota 10 a rana a kan 2,000, kenan 520,000 a wata. Cikakken aiki kuma ka samu guda 8 a wata a kan 25,000, kenan 200,000. Ka haɗa, 720,000 ta shigo. Anan ne mutane ke tsayawa su fara murna, har a fara zancen ƙarin aure.

Toh bari mu fara cirewa. Yaran da ke aiki yawanci da kaso ake sallamarsu, a ce kashi ɗaya cikin uku, 240,000 ta tafi. Fetur na janareta da injin feshi, lita 4 a rana in ka ƙiyasta lita a 1,000, kusan 104,000, kuma kowa ya san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan layin shi ne ke cin mutane, wutar NEPA kuwa ba abar dogaro ba ce, in ma kana layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, tun 2024 kuɗinta ya yi sama. Sabulu, kemikal, folish, man taya da tawul 60,000. Hayar fili in 600,000 ce a shekara, 50,000 kenan duk wata, kuma ka riƙa cire ta duk wata ɗin, kar ka jira mai fili ya zo ya tsaya maka a kai. Ruwa 50,000. Gyaran inji da ɗan abin da za ka ajiye don ranar da famfon injin feshi zai mutu, 30,000, zai mutu kuwa. Mai gadi, data, masu karɓar haraji na ƙaramar hukuma da sauran tarkace 30,000. Jimla 564,000. Abin da ya rage maka 156,000.

Wannan ba kuɗin banza ba ne, ya ninka mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 sau biyu da ɗoriya. Amma ka tuna ba ka cire jarin da ka zuba ba tukuna, kuma wata mai kyau muka lissafa.

Ga wata mara kyau. Tsakiyar damina, Agusta, sama ta haɗe tun safe, waye zai kawo mota wanki alhali kafin ya kai gida taɓo ya mayar da ita yadda take? Motoci suka koma 6 a rana, cikakken aiki 3 kacal. Abin da ya shigo 387,000, kuɗin yara da fetur da ruwa sun ragu tare da aikin, amma haya da mai gadi ba su san damina ba, in ka gama cirewa abin da zai rage bai kai 30,000 ba. Wallahi akwai watan da yaranka za su fi ka samu.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka duba da kyau, don shi ne dukan zancen. A wannan lissafin, wankin 2,000 bayan ka sallami yaro ka cire ruwa da mai da sabulu, kusan 700 yake bar maka. Cikakken aiki na 25,000 kuwa yana bar maka kusan 10,000. Ma'ana ɗaya daga cikinsa ya tsaya a madadin wanki 14. Kuɗin da ba sa motsi, haya da gadi da gyara, 110,000 ne, toh wanki 6 a rana ne ke biyansu, sai daga mota ta bakwai ka fara yi wa kanka aiki. In ka bar wankin a mota 10 ɗin nan amma ka ɗaga cikakken aiki daga 8 zuwa 20 a wata, ribar ta tashi daga 156,000 zuwa wajen 276,000, ba ka ƙara fili ba, ba ka ƙara mai gadi ba. Don haka a ganina wankin yau da kullum aikinsa ya riƙe maka wuri kuma ya kawo mutane, duk mai Lexus ko Hilux da ya zauna a benci yana jira yana danna waya, ka kira shi ka nuna masa fitilarsa da ta yi rawaya, ka goge masa guda ɗaya kyauta ya gani da idonsa. Ba zai iya tafiya da ɗaya fes ɗaya dusu-dusu ba.

Ina ake samo guda 20 ɗin? Dillalan motoci ne na farko. Motar da aka shigo da ita ko wadda aka karɓa hannun wani, ba a kafa ta a fili sai an ƙalƙale ta, kuma su kullum suna da aiki. Sai dai dillali zai matse ka a farashi har ka ji ba daɗi, sannan ya ce "bari in na sayar zan turo maka", kar ka yarda bashin ya wuce mota ɗaya. Sai ofisoshi da kamfanoni masu motoci da yawa, su kuma za su nemi takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da asusun banki na kasuwanci kafin su ba ka aiki, don haka ka yi rajistar da wuri. Sai lokacin biki, motar amarya da ta ango, da satin Sallah wanda in ba ka yi hankali ba har dare za ku kai. Hunturu ma lokacinka ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta barin kowa, a nan za ka tara abin da za ka ci da damina. Da daminar kuma ka karɓi wankin kafet da kujerun falo, injin ɗaya ne, in dai kana da rumfar shanya.

Wasu kuma ba sa kama haya sam, suna zuwa gida ko ofis su yi aikin can. Wannan ya cire maka haya da gadi, sau da yawa ma ruwan mai gida za ka yi amfani da shi, ga wanda jarinsa ƙarami ne shi na fi ba shawara ya fara da shi. Matsalar kawai zirga-zirga, kuɗin Adaidaita ko man mashin, da kuma cewa da wuya ka wuce mota biyu a rana.

Akwai abin da ke cinye ribar wata guda a awa ɗaya, shi ne ɓarna. Yaro ya kafa injin feshi a kan injin mota ruwa ya shiga kwayil ko ƙwaƙwalwar motar, ta ƙi tashi, kai za ka biya makanike. Ko ya danne injin folish a gefen ƙofa ya ƙone fenti. Ko a wanke baƙar mota da omo a tsakar rana da tsumman da ya faɗi ƙasa ya kwashi yashi, washegari mai ita ya dawo yana nuna maka zane-zane. Kujerar da ba ta bushe ba aka rufe gilas kuma, bayan kwana biyu wari sai ka toshe hanci. Shi ya sa kafin a taɓa mota ku zaga ta tare da mai ita, ka ɗauki bidiyo da waya, duk inda ta karce ko ta lotsa ya gani, ya kwashe kuɗinsa da cajarsa da takardunsa daga ciki. Folish kuwa kar ka ba yaro ya koya a motar kwastoma, je ka wajen masu kayan gwangwan ka sayo tsohon bonet ya yi ta gwaji a kai. Haka wannan siramik kotin da ake ta talla, wato sinadarin da ake shafa wa fenti don ya kare shi ya ƙara masa sheƙi, kuɗinsa da tsoka amma sai da wuri rufaffe wanda ƙura ba ta shiga, in rumfar kwano ce gare ka a bakin titi bar shi tukuna.

Ruwa ma ka duba shi kafin ka biya hayar fili. Wurin da ke da rijiyar burtsatse ko da hayarsa ta ɗan fi tsada ya fi wanda za ka dogara da 'yan garuwa, don da bazara jarka tana tashi kuma ranar da ka fi cika da motoci ranar za su ɓace maka. Ka kuma duba inda ruwan wankin zai bi, in ya kwanta a ƙofar maƙwabta za ka sha zuwa gaban mai unguwa.

Sai batun rubutu. In ba kullum kake wurin ba, mota 10 za ta zama 7 a bakin yara, ba don su mugaye ne ba, kuɗin hannu ne kawai haka yake. Ka ajiye littafi a riƙa rubuta lambar kowace mota da aikin da aka yi mata, biyan kuɗi kuma ta tiransifa ko POS zuwa asusun wurin, ba asusunka na cefane ba. Ka yanka wa kanka albashi ka tsaya a kansa. Bayan wata uku ka ɗauko littafin ka cire lambobina ka zuba naka, sannan ka duba mutum nawa ne suka dawo karo na biyu, ka tura musu saƙo ta WhatsApp kafin Sallah ta zo.